Ma'aunin tantance masu neman bashi: mu gina namu ko mu saya?

Baban Khalifa ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar manhaja da lissafin bashi. Ƙaramin kamfani ne a Kano da ke ba masu tireda, masu POS da ƙananan 'yan hatsi kaya bashi ta tsarin murabaha, wato kamfanin ya sayi kayan ya sayar musu da ƙayyadaddiyar riba, su biya cikin wata uku zuwa shida. Daga tsakiyar 2022 zuwa yanzu an ba da bashi kusan 9,000 ga mutum wajen 4,000, domin da yawa suna dawowa. Matsakaicin bashi naira 300,000. Kashi 7 cikin 100 ne ke wuce kwana 90 ba su biya ba, kuma akan ƙwato kusan rabin wannan kuɗin daga baya. A wata mutum 1,500 ke nema, 400 ake amince wa. Jami'ai ne ke yanke hukunci da ido, sai takardun Excel da kowane reshe ke riƙe da nasa.

Yanzu masu kamfani suna son a koma amfani da algoridim da zai riƙa ba kowane mai nema maki. Hanya biyu ce a gabanmu. Wani kamfanin waje yana neman dala 8,000 kuɗin haɗawa, sannan dala 1,500 duk wata, kuma ya ce an horar da ma'auninsa da bayanan masu cin bashi masu ɗimbin yawa daga ƙasashen Afirka. Injiniyoyinmu biyu kuma sun ce su ma za su iya gina namu da yaren rubuta manhaja na Python cikin wata uku. Wanne ya fi? Kuma in saye za a yi, me ya kamata a duba kafin a sa hannu?

Maman Ilham ta rubuta:

Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, kafin a kai ga gini ko saye, a fara ɗaukar biro a ga ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Bashi 400 sau naira 300,000 ya zama miliyan 120 a wata. Kashi 7 cikin 100 na wannan miliyan 8.4 ne, an ƙwato rabi, saura miliyan 4.2 asara. A ce ma'auni mai kyau ya rage muku kashi ɗaya cikin biyar na asarar nan, wanda ba ƙaramin aiki ba ne. Kun tsira da naira 840,000 ke nan a wata. Dala 1,500 kuwa, in an canza ta a kan naira 1,500, miliyan 2.25 ce, ban da kuɗin haɗawa. Ka ga ke nan in rage asara kaɗai ake nema, saye bai fitar da kuɗinsa ba. Ginin ma bai tsira ba, don albashin mutum ɗaya da ya iya aikin sosai, da wani ɓangare na lokacin injiniya, da hayar saba, wato kwamfutar da manhajar za ta zauna a kai, za su iya lashe wannan 840,000 ɗin tas.

Kuɗin yana wajen mutum 1,100 da kuke sallama kowane wata. A ce ribarku kashi 12 cikin 100 ce a kan kowane bashi, wato naira 36,000. In ma'aunin ya zaƙulo muku mutum 100 masu biya daga cikin waɗanda ake kora, miliyan 3.6 ce ta shigo, matuƙar kuna da jarin da za ku ba su. Wannan ita ce tambayar da ya kamata ku kai wa masu kamfani: asara ake son ragewa, ko kasuwa ake son faɗaɗawa?

Amma a nan gizo ke saƙar. Bayananku na bashi 9,000 duk na mutanen da jami'anku suka riga suka tace ne. Wanda aka kora ba a san ko zai biya ba, tunda ba a ba shi ba. Duk algoridim da aka horar da irin wannan bayanai zai koyi bambance nagari da mugu ne a cikin zaɓaɓɓu kawai, ranar da aka ɗora shi a kan waɗanda ba a taɓa bai wa ba sai ya fara canki-canki. Masu sana'ar suna da dabarun lissafi na ƙiyasta halin waɗanda aka kora, amma ƙiyasi ne. Hanyar da ta fi tsafta ita ce ku ware ɗan kuɗin koyo. Kowane wata a ɗauki mutum 30 ta hanyar ƙuri'a daga cikin waɗanda suka kusa cancanta, a ba su ƙaramin bashi na naira 50,000. Miliyan 1.5 ke nan a fili, in ma kashi ɗaya cikin huɗu suka ƙi biya, asarar ba ta wuce 375,000 ba. Bayan shekara kuna da mutum 360 da babu wani kamfani a duniya da zai iya sayar muku da labarinsu. Dole ƙuri'a ta zaɓa. Da zarar jami'i ya sa hannu ya zaɓi waɗanda suka kwanta masa, an koma gidan jiya.

Injiniyan Fagge ya rubuta:

Lissafin Hajiya ya yi daidai. Ni abin da zan ƙara shi ne, Malam, ka daina kallon abin a matsayin dunƙule ɗaya. Aiki ne hawa-hawa, kuma kowane hawa da amsarsa.

Tabbatar da cewa mutum shi ne shi, wannan saye ake yi, babu wata muhawara. BVN yana hannun NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan Najeriya, NIN yana hannun NIMC, hukumar katin ɗan ƙasa, ta hannun kamfanoni masu izini za ku riƙa tambaya. Duba fuska da gane ko mutum ne a gaban kyamara ko hoto aka ɗaga, shi ma saye, domin aiki ne da ke cin hotuna miliyoyi da yaƙi kullum da masu sababbin dabaru. Sai dai ku gwada kafin ku biya. Hukumar NIST ta Amurka mai kula da ma'aunai da fasaha ta fitar da rahoto a Disambar 2019 da ya nuna cewa yawancin algoridim na duba fuska sun fi yin kuskuren haɗa mutum biyu daban a fuskokin mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas fiye da na Turawa. Saboda haka ku tara mutum 200 daga cikin abokan cinikinku, da irin wayoyinsu na Itel da Tecno, a cikin rumfar kasuwa mai ƙarancin haske, mata da hijabi, maza da hula da rawani, ku ƙirga nawa aka ƙi bisa kuskure. Tarihin bashi kuma akwai kamfanonin da ke ajiye shi, wato CRC, FirstCentral da CreditRegistry, su ma biya ake yi a duba. Ku dai sa a ranku cewa da yawan mutanenku za su dawo babu komai a kansu, don bashinsu na baya a hannun uban gida yake a Singa ko Dawanau, ba a banki ba.

Hukuncin a bayar ko kada a bayar, da nawa za a bayar, wannan ne nake ganin naku ne. Kuma ba wani abu mai zurfi kuke buƙata ba, katin maki ne na gargajiya da ake ginawa da lissafin lojistik mai ƙiyasta yiwuwar mutum ya biya ko ya ƙi, wanda bankuna suka shekara da shekaru suna aiki da shi. Ga yadda ake bi.

Farko a zauna a amince da ma'anar mugun bashi, a rubuta. Kun ce kwana 90. To wanda aka sake wa jadawalin biya fa? Wanda ya biya a rana ta 95? Wanda ya rasu? In ba a daidaita wannan ba, kowane reshe da irin nasa lissafin. Sannan a cire duk bashin da bai nuna ba tukuna. Bashin wata shida da aka bayar wata huɗu da suka wuce bai isa a kira shi nagari ba, lokacinsa bai yi ba. Wannan kaɗai zai iya zaftare muku dubu biyu zuwa uku daga cikin 9,000.

Bayan nan a raba sababbi da masu dawowa, kati biyu za a yi. Ga mai dawowa, babu abin da ya kai tarihinsa a wajenku ƙarfi: sau nawa ya makara, kwana nawa mafi tsawo, ya taɓa biya kafin lokaci. Wannan bayanin kamfanin waje ba shi da shi sai kun ba shi. Ga sabon shiga kuma, abubuwa takwas zuwa goma sha biyu sun isa: shekarunsa a sana'ar, shagon nasa ne ko haya, shekarun layin wayarsa, kwana nawa a wata kuɗi ke shiga asusunsa, girman abin da zai riƙa biya in an gwada da cinikinsa, ko ƙungiyar kasuwa ta san shi, wa ya tsaya masa. Kowane ɗaya a yanka shi gida uku zuwa biyar, a duba yawan masu ƙin biya a kowane gida, a haɗe gidajen da mutanensu suka yi kaɗan. Abin da zai fito a ƙarshe shafi ɗaya ne da ko jami'i zai iya cikewa da biro in intanet ta ɗauke: ƙasa da shekara biyu a sana'a maki 8, biyu zuwa biyar maki 19, sama da biyar maki 31, haka har ƙasa, a tara.

Wajen gwaji kurakurai biyu ne suka fi kayar da mutane. Na ɗaya, a raba bayanai bashi-bashi maimakon mutum-mutum, sai mutum ɗaya ya faɗo a ɓangaren horo da na gwaji duka, ma'aunin ya gane shi, sakamako ya yi kyau na ƙarya. A raba da mutum, kuma a ware watanni shida na ƙarshe da suka nuna a matsayin jarrabawa, kada a taɓa su sai an gama. Na biyu shi ne yoyo, wato wani bayani da bai wanzu ba sai bayan an ba da bashin ya kutsa cikin horo. A takardun Excel abin ya fi yawa, don ana goge tsoho a rubuta sabo a kansa. Misali gurbin lambar waya ta biyu. Galibi ba a neman ta sai mutum ya fara ɓuya, sai algoridim ya gano cewa duk mai lamba biyu mugu ne, alhali ranar da ya zo nema gurbin babu komai. Ana auna ƙarfin kati da ma'aunin Gini, daga sifili zuwa 100. Katin sababbin masu nema da ya kai 40 ya yi abin kirki. In ka ga injiniya ya zo yana murna ya samu 90, kada ka taya shi murna, ka ce ya je ya nemo inda ruwa ke shiga.

Game da yawa kuma, tsohuwar ƙa'idar masu sana'ar ita ce a samu miyagun basussuka kamar 1,500 kafin a gina kati. Ku wajen 630 kawai kuke da su, in an cire waɗanda ba su nuna ba kuma an raba gida biyu sai su ƙara raguwa. Bai hana a gina ba, amma ya hana a yi zurfi. Ku tsaya a kan lojistik da abubuwa kaɗan. Algoridim masu zurfi irin su XGBoost a kan miyagu 300 haddace sunaye kawai za su yi.

Abu Sumayya ya rubuta:

Injiniya ya faɗi gaskiya a kan yadda ake ginawa, amma ina da ja a kan sauƙin da ya nuna. Wata ukun da yaranku suka faɗa, Baban Khalifa, na lissafin ne kaɗai, kuma lissafin shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Tattaro takardun Excel na rassa a zuba su a rumbu ɗaya, a ce PostgreSQL, a gano cewa Muhammad Sani da Mohammed Sani da Muhammadu Sani Mai Shinkafa mutum ɗaya ne, ko kuma uku ne, wannan zai iya cinye wata ukun shi kaɗai. Ranar haihuwa ba za ta cece ku ba, don za ku tarar da tulin mutane duk an rubuta musu 1 ga Janairu. Lambar waya ma haka, miji da mata da ƙani duk layi ɗaya. BVN ne kaɗai abin kamawa, in ba a karɓe shi tun farko ba sai a koma bi ɗaya bayan ɗaya.

In an gama wannan, sai a haɗa katin da manhajar da jami'ai ke aiki da ita, a tanadi wurin ajiye kowane hukunci tare da bayanan da aka shigar a wannan ranar da lambar zubin katin da ya yi aikin, wato gyara na nawa ne, a tanadi abin da za a yi in CRC ko NIBSS ba su amsa ba cikin daƙiƙa goma. Sai kuma babban aikin da ba ya ƙarewa, wato sa ido, domin ma'auni tsufa yake yi.

Dubi shekarun da bayananku suka fito. A Oktoban 2022 CBN ta sanar da sauya fasalin naira, daga Janairu zuwa Maris na 2023 takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo. A watannin nan mutanen kirki da yawa sun makara da biya ba don hali ba, masu POS kuma wasu sun rufe wasu sun yi cinikin da ba su taɓa yi ba. In aka zuba waɗannan watanni cikin horo yadda suke, kati zai koyi darasin da ba zai sake amfani ba. A 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, a Yuni aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta, a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Duk wani gida da aka yanka da tsabar naira, kamar a ce ciniki sama da 500,000 a wata maki kaza, ya lalace ke nan, domin mai tiredar da ke sayar da kaya iri ɗaya yawa ɗaya ya tsallaka gidan sama ba tare da ya ƙara ko kwabo na ƙarfi ba. Shi ya sa ake amfani da gwargwado, kamar abin biya a kan ciniki, ba tsabar kuɗi ba. Ga kuma azumi da sallah da ke matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, wanda ya sa watan Bature ba ya kama su, sai an sa musu alama da hannu. Ɗan hatsi kuma kuɗinsa na tafiya da kaka da bazara, wanda ya duba asusunsa a Nuwamba da wanda ya duba a Yuli kamar mutum biyu suka gani.

Ana bin wannan da wani lissafi da ake kira PSI, wanda ke gwada yadda makin masu nema na wannan wata ya rarrabu da yadda yake lokacin gini. Abin da aka saba bi shi ne ƙasa da 0.1 lafiya, tsakanin 0.1 da 0.25 a bincika, sama da 0.25 a shirya sake gini. Wani ne zai riƙa yin wannan kowane wata, ya kuma bi kowane rukunin bashi na wata-wata ya ga yadda yake nuna. In mutumin nan ya samu aikin da ake biya da dala ya tafi, kuma kod ɗin, wato rubutun umarnin manhajar, yana cikin kwamfutarsa babu rubutaccen bayani, kun zauna da akwatin da babu mai mabuɗinsa. Ko manya abin yana kayar da su. Kamfanin Zillow na Amurka da kansa ya gina algoridim ɗin ƙiyasta farashin gidaje, da ƙwararru da bayanai jibgi, amma a Nuwamban 2021 ya rufe sashen sayen gidajensa ya sallami kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikata, saboda ƙiyasin ya kasa bin kasuwa.

Ba wai ina cewa ku sayi makin kamfanin can ba ne. Shi ma duk wannan tsufan zai same shi, kuma ba za ku ga cikinsa ba. Abin da nake cewa shi ne ku sayi jikin motar, wato manhajar gudanar da bashi da ke da wurin zuba ƙa'idoji da katin maki, mai ajiye tarihin kowane hukunci, ku kuma ku zuba naku katin a ciki. Ginin katin kuwa ku ɗauko wanda ya taɓa yi ya zauna da injiniyoyinku na ɗan lokaci, da sharaɗin kod da bayanin kowane mataki su zauna a ma'ajiyar kamfani, kuma mutum biyu aƙalla su iya sake gudanar da shi daga farko har ƙarshe.

Lauyar Kasuwa ta rubuta:

Bari in taɓa ɓangaren takarda, don ko gini ko saye, alhakin yana wuyanku. A ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, ku ne masu riƙe da bayanan mutane, kamfanin da kuka ɗauka mai sarrafawa ne a madadinku. In bayanai suka fita ta hannunsa, ku za a fara tambaya, kuma dokar ta ba da awa 72 a sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC in abin zai iya cutar da mutane. Don haka a rubuta a yarjejeniya cewa shi zai sanar da ku cikin awa 24. Sashe na 37 ya ba mutum haƙƙin kada na'ura kaɗai ta yanke masa hukunci mai nauyi irin wannan, in kuma an yi bisa yardarsa ko don ƙulla yarjejeniya, yana da damar neman ɗan Adam ya duba ya kuma ƙalubalanci hukuncin. To in mai shago ya zo ya ce me ya sa aka hana ni, amsar "kwamfuta ce ta ce" ba ta isa ba. Dole kamfanin ya riƙa dawo da dalilai uku ko huɗu tare da kowane maki. Tunda kuma na waje ne, a tambayi ƙasar da sabarsa take, domin fitar da bayanan 'yan Najeriya waje yana da nasa sharuɗɗan a dokar.

A tambaye su ƙarara da me aka horar da ma'aunin. Da yawan irin waɗannan an gina su ne a kan bashin manhajar waya na kwana 14 ko 30, ƙananan kuɗi, da bayanan da ake kwasa daga wayar mutum. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta fito da ƙa'idojin masu ba da bashi ta intanet a 2022, Google kuma daga ƙarshen Mayun 2023 ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobin waya da hotunan mutane. Ma'aunin da ƙarfinsa ya dogara a kan irin wannan bayanai, in an cire su, me ya rage? Sannan irin wancan bashin yana rufe asararsa ne da ruwa mai yawa da tarar makara. Ku a murabaha farashi ɗaya ne tun ranar ciniki, ba ya ƙaruwa don mutum ya makara, abin da aka karɓa na tara ma galibi sadaka ake yi da shi. Layin da suka ja na wanda ya cancanta an ja shi ne don wata kasuwa daban.

Sauran abubuwan da nake son gani a takarda: farashi a naira, ko aƙalla a ƙayyade canjin na shekara guda, domin wanda ya sa hannu a kan dala 1,500 lokacin da dala ɗaya take naira 460 a farkon 2023 ya wayi gari a 2024 yana biyan fiye da ninki uku. Kada su canza zubin ma'auni sai da sanarwar kwana 30 da damar gwadawa, in ba haka ba wata safiya za ku ga waɗanda ake amince wa sun ragu ba ku san dalili ba. A hana su horar da ma'aunin da suke sayar wa abokan gasarku da bayananku, ko kuma in za su yi, a rage muku kuɗi, don kaya ne mai daraja kuke ba su. Ranar rabuwa su dawo muku da kowane maki da suka taɓa bayarwa a fayil da za ku iya buɗewa. Kuma shekara ɗaya za ku fara sa wa hannu, ba uku ba.

Baban Khalifa ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, an buɗe mana ido. Na tuntuɓi kamfanin a kan gwaji. Sun yarda, amma sun ce a turo musu tsofaffin basussukan tare da bayanin wanda ya biya da wanda bai biya ba. A takardar tallarsu kuma sun rubuta Gini 62. Hakan ya isa?

Maman Ilham ta rubuta:

Bai isa ba, Alhaji. Wannan 62 ɗin a kan mutanen wasu aka same shi, saye a kansa cinikin biri a sama ne. Kuma in ka ba ɗalibi tambaya haɗe da amsa, ba jarrabawa ka yi masa ba.

A raba bayanan gida biyu. Tsofaffin, a ce daga farko har zuwa watanni shida na ƙarshe da suka nuna, a ba su tare da sakamako in suna son daidaita ma'auninsu da kasuwarku, hakan ba laifi. Watanni shidan ƙarshe kuwa a tura ba tare da sakamako ba, bayanan ranar nema kawai, an cire suna da BVN an sa lambar da ku kaɗai kuka san ma'anarta, bayan an sa hannu a takardar sirri. Su dawo da maki, ku ku lissafa Gini da kanku. Katin injiniyoyinku ma ya zauna wannan jarrabawar, a kan mutanen nan dai, kuma su ma kada su ga amsa. Wani daban ya riƙe ta, ko mai binciken kuɗi na kamfani.

Kada ku tsaya a Gini kaɗai. Ku jera mutanen daga mafi ƙarancin maki zuwa mafi yawa, ku yanka gida goma, ku ƙirga masu ƙin biya a kowane gida. Ya kamata adadin ya riƙa sauka daki-daki. In gida na bakwai ya fi na huɗu muni, akwai matsala ko da jimillar ta yi kyau. Ku yi wannan daban ga sababbi da masu dawowa, daban ga masu POS da 'yan hatsi, daban ga mata da maza. Kamfanin zai iya yin kyau a jimilla saboda masu dawowa da kuka ba shi tarihinsu, alhali a sababbi, inda kuke buƙatarsa, bai fi jefa kwabo ba. Ku kuma ƙirga mutum nawa ya dawo da su babu maki saboda ƙarancin bayani, domin wasu sukan cire waɗannan kafin su lissafa nasu sakamakon.

Sai a kula da girman samfur. In miyagun da ke cikin jarrabawar ba su wuce 150 zuwa 200 ba, Gini zai iya karkata da maki bakwai ko takwas sama ko ƙasa don sa'a kawai. Ke nan in nasu ya ba da 44 naku ya ba da 41, ba za a ce wani ya ci wani ba. Sai tazarar ta kai goma ko fiye, kuma ta bayyana a sababbin masu nema, za a fara maganar dala 1,500. Akwai gwaji na uku da ake yawan mantawa: a zuba makinsu a cikin katinku a matsayin abu ɗaya daga cikin goma, a ga ko ya ƙara wani abu a kan abin da kuka riga kuka sani. In ya ƙara, to ku nemi farashin tambaya ɗaya-ɗaya, ku riƙa kiransu a kan sababbin da makinsu ya faɗo tsakiya kawai, waɗanda wataƙila ba za su wuce 300 ko 400 a wata ba.

Duk wanda ya yi nasara, kada a miƙa masa hukunci nan take. A bar shi wata uku yana ba da maki a ɓoye, jami'ai na ci gaba da aikinsu ba sa gani, sannan a zauna a duba inda suka saɓa. Bayan nan a fara da reshe ɗaya. A manhajar jami'ai kuma a sa gurbin dole na rubuta dalili duk lokacin da jami'i ya tsallake abin da ma'auni ya ce, da zaɓi biyar ko shida da zai danna maimakon rubutun hannu, don a iya ƙirga su a ƙarshen wata.